Littafin Zaren Baba Sale Ba Zai Shiga Teku Ba

Bari in fara da inda dukanku kuka kauce: Baba Sale bai taɓa kiran aljani ba, ko guda. Mutumin da kyankyaso ke korarsa daga banɗaki, ya tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu yana kiran Umma, mahaifiyata, ta zo da takalmi, shi ne zai tara aljanu a saman bene? Abin da kuka yi shekaru kuna ji yana faɗa a sutuhu, can saman rufin gidanmu na Sharafiyya a nan Jidda, Latin ne, tsohon yaren Turawa wanda masu shi ma sun daina yi. Kuma ba dukan Latin ɗin ba, sunayen sama ne da na haskenta kawai. Na zauna rubuta wannan ne saboda na ji an yanke shawara ranar Juma'a za a kai littafinsa Kurnish a jefa a teku, wai kayan sihiri ne. Ba wanda ya tambaye ni, alhali ni Murja, jikarsa, na fi kowa shan wahalar littafin nan. Sati uku ke nan da rasuwarsa. Ku karanta har ƙarshe, ban da tsallake.

Duk wanda ya zauna a gidan nan ya san ƙarar silifas ɗinsa a matakala. Da an sallame Asuba sai ka ji fat, fat, fat, hawa shida, kwandon zare a hannun dama, yadin wani bawan Allah a kafaɗa. Lif ɗin gidan lafiyarsa ƙalau, amma ya ce ɗaki marar taga sau ɗaya zai shige shi, kuma ɗaukarsa za a yi. In ya kai sama ya huta, sai ya ɗaga zare, ya kanne ido ɗaya, ya ce da ƙarfi kamar malami na kiran sunan 'yan aji: "Diluculum." Ya ɗan jira. "Aurora." Na farkon shi ne farin-farin nan da ke fara bayyana tun ba ka iya gane fuskar mutum. Na biyun jan da ke biyo bayansa. Da La'asar sakaliya ya sake hawa ya kira vesper da crepusculum, wato yamma da ɗan hasken da ke saura bayan rana ta faɗi. To aljanun ke nan, ga su na jera muku.

Dalilin hawan kuwa sana'a ce. Kun san tela ne, mai aikin hannu a wuyan riga da hula, kuma dokarsa ɗaya ce tak: ba ya zaɓen zare a ƙarƙashin fitila. Tun ina ƙarama yake ce mini, "Amarya, haske iri biyu ne. Akwai lux, na Allah, akwai lumen, na kamfanin lantarki. Lumen maƙaryaci ne, kuma ba ya jin kunya." Amarya yake kirana, ni kuma in ce masa Ango, ko Tsoho in ya ba ni haushi, wanda kusan kullum ne.

Ku tambayi Injiniya Bala, wannan da ya zo kwangila yake zaune a Aziziyya, yana nan da ransa. Ya kawo shadda shuɗiya mai tsada saura kwana biyar Sallah, yana son aikin wuya da zare shuɗi. Aka yi rashin sa'a satin nan raɓar teku ta taso ta rufe gari, sama ta yi fari fat kamar an shafa mata koko. Bayan kwana biyu ya dawo, makullin mota na juyawa a yatsa.

"Baba, an kai ina?"

"Ba a fara ba."

"Ikon Allah. Me ake jira?"

Baba ya nuna taga da allura. "Nebula."

"Baba, yi mini Hausa, sauri nake."

"Hazo ne, Injiniya. Sai ya ɗaga. Ina jiran serenum, sama tas ba gajimare, sannan in ga shuɗin da ya dace da shaddarka."

"Haba Baba, shuɗi ai shuɗi ne."

Baba ya ajiye allurar a hankali, ya cire tabarau, ya dube shi da tausayi. "Kai da ka yi jami'a. Siminti siminti ne?"

Injiniya ya naɗe shaddarsa ya kai wani shago a Ammariyya mai fitilu kamar gidan biki, aka gama masa a kwana biyu. A shagon ya yi kyau, har hoto ya turo wa Umma don a nuna wa Baba. Ran Sallah da safe kuwa, a filin Idi, rana na fitowa ta hau kan rigar, sai ga shadda shuɗiya da wuya shunayya, sak ɓawon albasa. Baba ya ratsa sahu uku ya je ya kama hannunsa bibbiyu. "Barka da Sallah, Injiniya. Lumen na gaishe ka." Tun daga ranar Injiniya ke kawo ɗinkin babbar Sallah tun cikin azumi.

Yanzu inda ya samo yaren, tunda wasu har cewa suke wai a daji aka ba shi. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aka tura shi wani ƙaramin gari a kudancin Kaduna inda makaranta ɗaya ce, ta 'yan mishan. Can aka sa Baba. Farkon damina iska ta kwashe kwanon ajinsu, ruwa ya jiƙe littattafan Latin suka zama fate. Malamin wani tsohon Fada ne Bature, mai taurin kai irin na Baba, ya ce ba za a fasa darasi ba. Ba littafi, ba allo, ba rufi. Sai ya ɗauki sanda ya nuna abin da ya rage, wato sama. Caelum. Duk abin da ya gifta a kansu sai ya faɗi sunansa su maimaita: rana sol, wata luna in ya makara har safe, gajimare nubes, inuwa umbra. Haka suka yi damina guda. Kafin kafinta ya zo gyaran rufin, an yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki, Latin ya tsaya nan. Baba yakan ce, "Da an gyara kwanon nan da wuri, da na san sunan kujera."

Na taɓa gwada shi, lokacin na dawo daga sakandare a Zariya ina jin kaina.

"Ango, yaya ake cewa ina kwana da Latin?"

"Ba mu kai nan ba."

"Ba ni ruwa fa?"

"Shi ma."

"To meye amfaninsa? Shekara sittin kana ɗauke da yaren da ba za ka iya roƙon ruwa da shi ba."

"Wa ya gaya miki? In kika je ƙasarsu kika ji ƙishirwa, ki dubi sama ki ce imber, ki buɗe baki ki jira."

Imber ruwan sama ne mai ƙarfi. Da dai kun ga yadda ya yi ta dariya shi kaɗai har tari ya sarƙe shi.

Tunda kalmominsa ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, kuma sama ba kullum take canzawa ba a garin nan, sai ya riƙa raba wa mutane su. Umma, 'yarsa ta cikinsa, ita ce Nimbus, baƙin hadari, wai a hankali take haɗuwa, in ta zubo kowa ya nemi mafaka. Ni ce Fulgur, walƙiya, wai sai haske da ban tsoro amma ba na faɗa wa kowa. Hajiya Ladidi ta hawa na huɗu kuwa, haifaffiyar Jidda, wadda kowa ya san ba a yin abu a gidan nan ba da saninta ba, ita ce Caligo. Wata rana ta ji shi da kunnenta yana cewa "Ga Caligo nan tafe," ta tare ni a matakala tana tambayar ma'ana. Na ce mata wani yanayi ne na sama. Ban yi ƙarya ba. Hajiya, na san kina karantawa: duhun hazo ne mai kauri wanda in ya sauko ba ka ganin gabanka. Yau kin ji. Ki yafe masa, ya riga ya tafi.

Ita ce kuma ta fara maganar sihirin, kuma zan faɗi yadda aka yi don ina wurin. Shekarar nan ce da ruwa ya cika titinmu har motoci suka yi iyo. Da hantsi sama ta haɗe ta gabas. Kowa na rufe taga, shi kuwa Baba murna kamar an ce masa an yi masa jika, don a Jidda sai a shekara bai ga hadari na kirki ba. Ya ce in ɗauko lema in biyo shi. Muka tarar da Hajiya a sutuhu tana kiciniyar kwashe bargunan da ta shanya. Baba ya tsaya tsakiya, ya ɗaga hannu ya ce, "Nimbus." Aka yi walƙiya, ya ce, "Fulgur." Ya ɗaga yatsa yana jira, ya ce, "Tonitrus," sai tsawa ta fashe. Iska mai sanyi ta bugo, ya shaƙa, ya ce, "To, imber." Bai rufe baki ba ruwa ya kece.

Hajiya ta saki bargo. "A'uzu billahi. Hada sahir, boka ne wannan. Wallah da idona na gani, shi yake kiransu suna zuwa."

Na ce, "Hajiya, duk wanda ya yi damina ɗaya a gida ya san bayan walƙiya tsawa ce."

"Uskuti, rufe mini baki ke. Ya faɗa, sannan ya faru. Ya faɗa, sannan ya faru."

Ta sauka a guje ta bar barguna huɗu a ruwa, kuma har yau Baba take ɗora wa alhakinsu.

Nan fa dariya ta ƙare a gidanmu. Kun san Baba da Umra ya shigo ƙasar nan tun Umma na budurwa, bai koma ba, bai taɓa riƙe iƙama, takardar izinin zama, ba. Kuma kun san a nan kalmar sihiri ba abin wasa ba ce. Baki ɗaya ya isa wurin hukuma, shi ke nan. Umma ta durƙusa gabansa har da hawaye. "Baba, don girman Allah, ka hau ka duba zarenka, amma ka yi shiru." Ya ce ya ji, zai riƙa yi a hankali. Kwana biyu ya yi yana motsa leɓe kawai, wanda ya fi muni, don yanzu kam sak mai surkulle. Rana ta uku muka ji "Aurora" har hawa na uku. Da Umma ta yi magana ya ce, "Raɗa ta masu gulma ce. Ni me na ɓoye?"

Ƙarshe dai mai gadin gida, da ya gaji da ƙorafi, ya ɗauko limamin masallacin unguwa, Ustaz Abdurrahman. Kakanninsa Kanawa ne amma shi ɗan ƙasa ne, yana jin Hausa fiye da yadda yake yin ta. Ya hau sutuhu gab da Magariba, fuska a ɗaure, yana haki. Umma na ƙasa tana jan carbi, ni kuma na laɓe bayan tankin ruwa.

"Ya ammi, mutane suna magana. Me kake karantawa a nan?"

"Ba karatu ba ne, Ustaz, suna ne. Wancan jan da ke can bayan eriya, me kuke ce masa?"

Ustaz ya waiga. "Shafaƙ."

"Mu crepusculum. In ya ƙara duhu fa?"

"Gasaƙ."

"Na safe?"

"Fajr. Akwai falaƙ kuma. Sannan shuruƙ, sannan duha."

"Tsaya, tsaya, ɗaya bayan ɗaya. Ni ma ina da uku a nan."

Kafin in ankara Ustaz ya kifa bokiti ya zauna, ya tattare hannun riga. Wannan ya kawo ɗaya, wancan ya kawo biyu, suna lanƙwasa yatsu kamar yara masu wasan ƙirga. Suka gama safiya, suka shiga gajimare. Nan Baba ya fara ja da baya: nubes, nimbus, nebula, sai ya koma soshe-soshen ƙeya. Ustaz kuwa kamar an buɗe famfo, sahab, gaim, muzn, yana yi yana murmushi. Ladan ya kira salla ba su ji ba. Sai da mai gadi ya sake hawa shida ya ce jama'a na tsaye suna jiran liman. Ustaz ya miƙe da sauri yana kakkaɓe riga, a bakin matakala ya ce wa mai gadin, "Ma fi sihir, babu wani sihiri a nan. Wannan malami ne, ɗalibai ne babu. Halas, a bar shi."

Mu muka yi ta hamdala. Baba kuwa ya sauko fuska a murtuke, ya ƙi tuwo. Na ce, "Ango, an wanke ka, me kuma?" Ya juya mini baya. Sai washegari, yana zura zare a allura, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Larabci ya fi yawa, na yarda. Amma shi a ɗaki ya koya."

Maganar ta kwanta shekaru. Sai dai Ustaz ya koma Ɗa'if da zama, waɗanda suka ji hukuncinsa wasu sun tashi, wasu sun ga dama sun manta.

To mu zo kan littafin, tunda shi ne a gaban alƙali yanzu. Na ji bayanin da ake yi: rubutun da ba na Musulmi ba, zare kala-kala, kowane an ƙulle shi, kuma an sha ganinsa yana hura iska a kai. Na san abin da wannan yake kama da shi. Ni ma na haddace surar masu tofi a ƙulle-ƙulle tun ina shekara biyar. Amma wanda ya buɗe littafin, don Allah ya fara daga shafin farko. Sunana ne a bango. Littafin lissafina ne na aji uku, shafi takwas na farko duk jan biron malami ne da "ki ƙara ƙoƙari". Na jefar da shi, Baba ya tsince shi a kwandon shara ya ce takarda fara ba ta yi laifin komai ba. Wane boka ne zai zuba asirinsa a bayan jarrabawar da aka faɗi?

Kowane shafi kalma ɗaya ce a sama, a ƙasanta zaren da ya yi daidai da wannan hasken. Shafin aurora zare bakwai ne, daga ruwan hoda zuwa ja mai ruwan lemo, don ya ce ta bazara daban, ta sanyi daban. Shafin caeruleus, shuɗin sama, ya fi kowane cika, ya shekara goma yana ƙara masa. In mai ɗinki ya ce yana son aiki mai sanyi, ko mai haske, ko na manya, nan yake buɗewa. Ƙullin kuwa rowa ce ta kawo shi. Gam ba ya riƙe komai a zafin garin nan. Na ce ya sayi selotef a baƙala, kantin unguwa, ya ce shi da allura a hannu ba zai sayi abin liƙi ba. Sai ya huda takarda, ya zura zare, ya ƙulle ta baya don kar ya zame. Hurawar kuma, ku je shagon kowane tela ku ga ko burbushin zare ba ya hawa kan komai. Kakkaɓewa yake da baki don hannunsa na riƙe da allura. Sihirin ke nan gaba ɗayansa: tsoho mai rowar selotef.

Abin da ba ku sani ba shi ne shekara ɗaya da rabi ta ƙarshe ba ya ganin kalar komai. Yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, ya hana a faɗa, wai masu ɗinki za su gudu. Hawan bai fasa ba. Ni ce na koma idonsa. Kullum da Asuba sai in ji sanda a ƙofata. "Amarya, yalla." Ga ni da aiki a mashgal, shagon ɗinkin mata a Aziziyya, ƙarfe tara, ga barci a idona, in riƙe masa gwiwar hannu muna hawa yana tsayawa kowane bene yana ce mini ni ce na gaji.

In mun kai sai tambaya. "Me kika gani?"

"Ja."

"Wane irin ja?"

"Ja dai, Tsoho. Kamar tumatirin gwangwani."

"Bature ya ba ni kalma, ke kin ba ni miya. Sake dubawa."

Sai in buɗe littafin, in ɗaga shafin sama, in ce zare na huɗu. Ya ce, "To, ashe sanyi ya kusa." Kuma sai sanyin ya zo, abin haushi.

Sau ɗaya na yi masa ƙarya. Ranar ɗinkin biki ne ana nemana da sassafe, na makara, mai shago ta riga ta kira sau biyu, muna isa ko sama ban kalla ba na ce, "Serenum ne, tas, mu sauka." Ya miƙa hannu ya shafa ƙarfen tankin ruwa, ya shafa mini a kumatu, jiƙe sharkaf. "Serenum ɗinki na zufa," in ji shi. "Nebula ce. Idona ne ya tafi, fatata na nan." Ban ƙara ba.

Kwana kaɗan kafin ya kwanta, da yamma, muka hau da ƙyar, sai da muka zauna sau uku a hanya. Rana ta faɗi. Na jira ya yi kiransa, bai yi ba. Yana zaune a kan bokiti, fuskarsa na kallon yamma, leɓensa na motsi. Can ya ce a hankali, "Amarya, wannan na bayan faɗuwar rana, ya sunansa? Ya ɓace mini."

Na ce, "Crepusculum."

Ya juyo wajen muryata. "Ashe kina ji."

"Ina da zaɓi ne? Shekara ashirin ana yi mini ihunsa a ka."

Ya yi dariya, ni kuma na juya baya ina gyara mayafi, ko da yake ba gani yake ba. Wannan ne hawansa na ƙarshe. Ranar Talata bayan La'asar ya cika, a kan tabarmarsa, allura soke a jikin hula.

Kawu Nasiru, ƙanen Umma, shi ya ga littafin a ƙarƙashin matashi ranar da ake kwashe kayansa. Maimakon ya kira ni sai ya fita da shi falo, gaban mata masu zaman gaisuwa, Hajiya Ladidi na ciki. Sauran kun sani. Ban ga laifin Umma ba da ta amince. Ba yarda ta yi mahaifinta boka ne ba, tsoro take ji kar maganar ta kai kunnen mai gidan nan ko kafilin Kawu, wanda ya tsaya masa a takardar zama, a wayi gari ana neman mu da bayani. Ta ce mini, "Murja, takarda ce da zare. A jefa a huta." Umma, ki yi haƙuri, ba a hutawa. Ranar da aka ga 'ya'yansa da kansu sun kai littafinsa teku, ranar muka sa hannu cewa abin da ake faɗa gaskiya ne. Daga nan duk wanda ya tuna Baba Sale, ba telan da ya fi kowa ido a Sharafiyya zai tuna ba, bokan da iyalinsa suka wanke gida bayan ya mutu zai tuna. Mutumin da bai taɓa barin jam'in Asuba ba. Ni ba zan ɗauki wannan ba.

Don haka ga abin da na yanke. Littafin ba ya cikin durowar Umma, tun ranar Litinin na ɗauke shi, kar a wahalar da kai da nema. Na samo lambar Ustaz Abdurrahman, mun yi magana jiya, ya tuna komai har da bokitin, ya ce duk mai shakka ya kira shi. Ranar Juma'a kuma, tunda kun ce teku, teku za mu je, mota ɗaya, da ni da Umma da Kawu da Hajiya da duk wanda ya samu wuri. Baba ya shekara arba'in a garin da rana ke faɗawa cikin ruwa, amma bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba zuwansa bakin tekun nan, saboda tsoron masu tambayar takarda a hanya. Duk faɗuwar ranar da ya sani, ta tsakanin eriya da tankunan mutane ya leƙo ta. Za mu tsaya a Kurnish, in buɗe shafin vesper in ɗaga shi sama, sannan na crepusculum, kowa ya dubi zare ya dubi sama da idonsa ya faɗi abin da ya gani. Hajiya, ki zo da tabaranki. In an gama, littafin zai koma jakata ya dawo gida a bushe.

Allah ya jiƙan Angona. Allah ya yafe masa taurin kansa da rowarsa da sunayen da ya raɗa wa mutane. Allah ya haskaka kabarinsa da hasken da bai taɓa ganin irinsa ba, ya tsaya ya rasa sunan da zai ba shi. Amin.

Ƙarfe biyar za mu tashi. Wanda ya makara ya tarar da duhu, ba ruwana.